Yadda Ake Zaɓen Koton Roba Mai Laushi Domin Fatsar Lallami ta Kifin Bas

Bas, kifin nan na Arewacin Amurka, mafarauci ne, kuma ranar da yunwa ta motsa shi ba ya buƙatar wata dabara, domin ko babban koto mai ƙara da ƙyalli aka jefa masa aka ja da sauri zai biyo shi ya cafke. Sai dai irin wannan rana ba ta cika zuwa ba. A tafkunan da ke kusa da birane, inda masu fatsa ke kai-komo tun daga watan Afrilu har Oktoba, kuma yawancinsu kama kifin suke yi su sake shi, bas ya sha ganin koto iri-iri har ya koyi taka-tsantsan. Haka nan idan ruwa ya yi garau, ko sanyi ya sauko bagatatan bayan wucewar hadari, sai kifin ya lafe a gindin dutse ko cikin ciyawa ya ƙi bin komai. A irin wannan hali ake komawa ga fatsar lallami, wadda ake yi da siririn zare, da ƙaramar ƙugiya, da 'yar dalma, da ƙaramin koton roba mai laushi da ake motsawa kaɗan-kaɗan.

Tun shekarar 1949 da Nick Creme ya ƙera tanar roba ta farko a garin Akron na jihar Ohayo, ire-iren wannan koto suke ta ƙaruwa, har ta kai wanda ya shiga kantin kayan kamun kifi a yau zai tarar da bango guda cike da ledoji, launi ɗari da wani abu, kowace leda tana cika bakin cewa ita ce maganin kifi. Sabon shiga yakan zaɓa da ido, ya ɗauki wadda ta fi kama da tana ko ɗan kifi. A ganina wannan shi ne zaɓi mafi rauni, domin a fatsar lallami yawancin lokacin da koto yake cikin ruwa mai sanda ba ya taɓuka masa komai. Abin da ya kamata a kwatanta shi ne halin robar idan aka ƙyale ta: nutsewa take yi ko tasowa, da wane sauri, kuma wane sashe nata yake rawa da kansa.

Mataki na farko: san kifin da inda yake kwance

Bas iri uku ake yawan nema. Mai babban baki ya fi son ruwa mara zurfi mai ɗumi, da ciyawa, da itatuwan da suka faɗa ruwa, da ƙarƙashin gadojin katako na bakin tafki. Mai ƙaramin baki ya fi son ruwa mai sanyi da tsabta, a kan duwatsu da tsakuwa, kamar a tafkin Erie da tafkin St. Clair da ke kan iyakar Amurka da Kanada. Na ukun, mai ɗigo-ɗigo, ya shahara a koguna da madatsun ruwa na jihohin Alabama da Jojiya a Amurka, kuma yakan tsaya a zurfi, wani lokaci ma a tsakiyar ruwa bai taɓa ƙasa ba. Kafin ka buɗe leda ko ɗaya, ka amsa wa kanka tambayoyi biyu: zurfin ruwan nawa ne a inda kake zaton kifin yake, kuma mene ne a ƙasan, dutse ko laka ko ciyawa? Amsar nan za ta rage maka rabin zaɓin tun kafin ka jiƙa zare.

Mataki na biyu: gwajin bokiti

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali bai fi aikin minti goma ba. Ka sami bokiti mai zurfi, ko babbar robar ajiya mai haske wadda ake ganin cikinta ta gefe, ka cika ta da ruwa, sannan ka riƙa jefa koton ɗaya bayan ɗaya, da farko ba ƙugiya, daga baya kuma da ƙugiyar da za ka yi aiki da ita.

Za ka ga sun rabu gida uku. Na farko su ne masu gishiri da yawa a cikin robar, waɗanda suke nutsewa da kansu. Jagoransu shi ne Senko na Gary Yamamoto, wanda ya fito a shekarun 1990. A ido ba shi da wata siffa, sandar roba ce kawai mai ɗan siranta a baki biyu, amma mai inci 5 yana da nauyin kusan giram 10, saboda haka ana iya jefa shi nesa ba tare da dalma ba, kuma idan ya kama hanyar nutsewa a kwance yake sauka, bakinsa biyu suna karkarwa. Gishirin da ya ba shi wannan hali shi ne kuma ajalinsa, domin yana sa robar ta yi saurin yagewa, kifi ɗaya ko biyu sun isa su gama da shi.

Gida na biyu su ne masu tasowa, kuma a nan robar ElaZtech ta kamfanin Z-Man ce ta yi fice. Haɗinta daban yake da na sauran, tana miƙewa idan aka ja ta ba ta tsinke ba, tana kuma yawo a saman ruwa, don haka idan aka ɗaura ta a kan 'yar dalma, kai yakan zauna a ƙasa, wutsiya ta miƙe sama. Wasu samfuran, irin su Finesse TRD mai inci 2.75, akwai ɗan gishiri a jikinsu. Idan ka ja su ka saki sau da yawa, ko ka jiƙa su a ruwa, gishirin zai fita, su ƙara laushi da tasowa. Saboda haka wanda ya riga ya sha haƙoran kifi yakan fi sabo aiki, kuma guda ɗaya yana iya kai ka yini.

Gida na uku su ne na tsakiya, masu nutsewa a hankali ƙwarai ko masu rataya a ruwa, kamar siraran tanar Roboworm ta Kalifoniya da Finesse Worm na kamfanin Zoom. Su ba nauyi ake nema a jikinsu ba, laushi ake nema. Ka riƙe ɗaya daga kai ka miƙa ta a kwance: idan wutsiyar ta sunkuya, kuma ko numfashi ka yi ta girgiza, ta yi. Idan ta tsaya ƙyam, to a ruwa ma haka za ta tsaya.

Yayin da kake wannan gwaji ka riƙa ƙirga daƙiƙar da kowanne yake ɗauka kafin ya kai gindin bokitin, ka rubuta a jikin ledarsa. Koto biyu masu kama ɗaya daga kamfanoni biyu suna iya bambanta sosai. Yum Dinger, alal misali, ya fi Senko jinkirin nutsewa, ya fi shi jure cizo, ya kuma fi shi araha. A ruwan da bai kai mita ɗaya ba wannan jinkirin alheri ne, domin koton ya fi daɗewa a gaban kifi, amma a zurfin mita uku, ko ranar da ake iska, nauyin Senko ya fi amfani.

Mataki na uku: haɗa kowace roba da ɗaurin da ya dace da ita

Sokin tsakiya, wanda Amurkawa ke kira waki, shi ne ɗaurin masu gishiri. Ana soke ƙugiya mai lambar girma 1 ko 1/0 daidai tsakiyar koton, bakuna biyu su rataya, ba dalma. Domin kada ya yi ta yagewa, ana zura masa ɗan zoben roba a tsakiya, a maƙala ƙugiyar a ƙarƙashin zoben. Ka jefa shi gefen ciyawa ko ƙarƙashin gada, ka bar zaren da ɗan sako-sako, ka zuba masa ido. Yawancin cizo a lokacin saukar farko yake zuwa, kuma ba lallai ka ji shi a hannu ba, sai dai ka ga zaren ya yi tsalle ko ya kama tafiya gefe. Idan ya kai ƙasa ba labari, ka ɗaga shi sau ɗaya ko biyu ka bar shi ya sake sauka, sannan ka naɗe ka jefa wani wuri. Wannan ɗauri ya fi ƙarfi a watannin da kifi ke hawa gaɓa domin ƙwai da kuma bayansu kaɗan, lokacin da ɗumin ruwa ya haura digiri 15 a ma'aunin Salshiyos. Idan zurfi ya wuce mita uku ko huɗu, jiran saukarsa ɓata lokaci ne.

Ɗaurin Ned kuwa na masu tasowa ne, kuma shi nake ba kowane sabon shiga shawarar ya fara da shi. Sunan ya samo asali daga Ned Kehde, marubuci a kan kamun kifi daga garin Lorens na jihar Kansas, wanda ya gaji salon daga tsofaffin masu fatsa na yankin irin su Chuck Woods. Kayan aikin kaɗan ne: gajeren koto da bai wuce inci 3 ba, da ƙugiya mai 'yar dalma a kanta mai siffar laima, nauyinta kimanin 1/16 na oza, wato ƙasa da giram 2. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara nauyi domin a ji ƙasa. Kehde ya sha nanata cewa idan kana jin koton sosai a hannunka, to ya yi nauyi, domin abin da ake so shi ne ya riƙa shawagi dab da ƙasa, yana taɓawa yana tashi. Ka jefa, ka bar shi ya sauka, ka juya manaɗi, wato na'urar naɗe zare da ke jikin sanda, sau biyu a hankali, ka dakata ya zame, ka ɗan karkaɗa bakin sanda, ka maimaita. Ko kuma ka ja shi a ƙasa taku ɗaya ka bar shi tsaye na daƙiƙa biyar. A nan ne bambancin roba yake fitowa fili: rabin Senko a kan wannan dalma zai kwanta a laka idan ka tsaya, TRD kuwa zai tsaya da wutsiya a sama kamar wani abu mai kiwo a ƙasa. Ban ce rabin Senko ba ya kama kifi ba, yana kamawa, musamman idan ja ake yi ba tsayawa, amma wurin dakatawa mai tasowa ya fi shi. Abu biyu za ka kiyaye. Ƙugiyar a buɗe take, don haka ciyawa mai kauri da rassa za su cinye maka kaya. Sannan robar ElaZtech tana da santsi, tana zamewa daga wuyan ƙugiya, maganinta ɗigo ɗaya na gam mai saurin kamawa. Ka kuma sani cewa salon nan na yawa ne, zai tara maka ƙanana da matsakaita fiye da manya, ko da yake babba ma yakan faɗa masa.

Ɗaurin dalma a ƙasa, wato dirof-shot, ya bazu ne daga Japan zuwa Kalifoniya a shekarun 1990, inda tafkuna masu zurfi da tsabta suka karɓe shi hannu biyu, kuma marigayi Aaron Martens, ɗan gasar kamun bas, yana cikin waɗanda suka fi ƙwarewa a kansa. Ga yadda ake ɗaura shi. Ka ƙulla ƙaramar ƙugiya mai lamba 1 ko 2 da wani ƙulli mai ƙarfi da ake kira Falama (Palomar), ka bar jelar zare mai tsawon santimita 30 zuwa 45. Ka ɗauki bakin jelar ka sake zura shi ta idon ƙugiyar daga sama zuwa ƙasa, domin wannan ne zai sa ƙugiyar ta tsaya a kwance bakinta yana kallon sama. Sannan ka maƙala dalma mai giram 3.5 zuwa 10 a ƙarshen jelar, gwargwadon zurfi da iska, doguwa siririya idan ciyawa ce ko tsagar dutse, mai zagaye idan tsakuwa ce ko yashi. Ana soke koton ta hanci kawai. Robar gida na uku ce ta wannan aiki, Roboworm mai inci 4.5 ko 6, ko makamanciyarta. Mai gishiri da yawa zai sunkuya ya rataya a jikin zare kamar mushe, shi ya sa ba a sa shi a nan. Idan dalma ta taɓa ƙasa, kada ka ɗaga ta. Zaren kawai za ka ɗan sassauta ka ɗan ja, koton ya yi rawa a wuri ɗaya, kuma sau da yawa ma igiyar ruwa da motsin kwale-kwale sun wadatar. Masu koyo sukan karkaɗa shi fiye da kima. Babu ɗaurin da ya kai wannan idan kifi yana zurfin mita biyar zuwa sama, ko idan ƙasan laka ce mai haɗiye duk abin da ya kwanta a kanta.

Akwai wasu ɗaure-ɗaure biyu da suke cike giɓin da waɗannan suka bari. Kai mai girgiza, wanda ya yi suna wurin masu neman bas mai ɗigo-ɗigo a Alabama, doguwar tana ce irin Trick Worm ta Zoom a kan dalma mai giram 3.5 zuwa 5, an ɓoye bakin ƙugiyar cikin robar, saboda haka yana ratsa rassa da duwatsun da Ned ba zai shiga ba. Tana mai ƙarancin gishiri ake sa masa domin wutsiya ta tashi. Shi kuma Neko, wanda shi ma daga Japan ya zo, sokin tsakiya ne da aka cusa wa siririyar dalma mai kama da ƙusa a kai, ya riƙa sauka da ka, yana kai wa zurfin da waki ba ya kaiwa. Ka tabbata bakin ƙugiyar yana kallon wutsiya, ɓangaren da ba dalma.

Ga mai neman bas mai ƙaramin baki a manyan tafkunan arewa, ba a barin koto mai siffar bututu, mai rami a ciki da geza a baya, wanda Bobby Garland ya ƙirƙira da sunan Gitzit. Ana tura dalmar cikin ramin, a ja shi a kan duwatsu. Tun da wani ɗan kifin ƙasa mai suna gobi ya shigo waɗannan ruwaye daga Turai wajen 1990 ya yaɗu, ya zama babban abincin bas, kuma bututu mai launin ƙasa ko kore-kore yana kama da shi matuƙa. Masu fatsa suna ganin ƙamshi ma ya fi tasiri a wurin bas mai ƙaramin baki, shi ya sa Flat Worm na kamfanin Berkley mai sinadarin ƙamshi na MaxScent ya sami karɓuwa a can. Ƙaramin koto mai wutsiya kamar faranti, irin Easy Shiner na Keitech, na ranar da ka ga bas yana koro ƙananan kifaye ne, a jefa a naɗo a hankali ba tsayawa. Idan ruwa ya yi sanyi ƙasa da digiri 10, na fi son mai miƙaƙƙiyar wutsiya, domin a lokacin komai na cikin ruwa ya rage kuzari, abin da ya cika motsi kuma yakan zama abin zargi.

Mataki na huɗu: sanda da zare

Duk waɗannan ɗaure-ɗaure sanda ɗaya ta ishe su: mai tsawon kusan ƙafa 7, mai laushin baki, da manaɗi irin wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, mai lambar girma 2500. A cika shi da saƙaƙƙen zare mai ƙarfin laba 10 zuwa 15, a ƙulla masa mita biyu ko uku na zaren fulorokabon mai laba 6 zuwa 8, wanda ba ya fitowa sosai a idon kifi. Saƙaƙƙen mai launi mai haske ya fi, tunda da ido ake ganin rabin cizon. Ka sassauta birkin manaɗi yadda zare zai fita idan kifi ya finciko. Idan ka ji nauyi, kada ka fizga da ƙarfi, naɗewa za ka yi ka ɗaga sandar a hankali, ƙugiyar siririya ce za ta shige da kanta. Wanda ya saba da giwan ruwa a Kainji ko tafkin Cadi zai ga kayan nan kamar na wasan yara, amma bas mafi girma da aka taɓa tabbatarwa bai fi kilo 10 da ɗan kaɗan ba, wanda George Perry ya kama a Jojiya a 1932, Manabu Kurita kuma ya kamo irinsa a tafkin Biwa na Japan a 2009. Wanda za ka riƙa haɗuwa da shi yau da gobe rabin kilo ne zuwa kilo biyu.

Mataki na biyar: launi

Uku sun isa. Kore mai duhu da ya ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa, wanda ake rubuta wa Green Pumpkin a leda, shi ne na kullum. Mai haske da ake gani ta cikinsa, ko mai ɗan ruwan hoda irin Morning Dawn na Roboworm, na ruwa mai tsabta ne. Baƙi ko shuɗi mai duhu na gurɓataccen ruwa ne da almuru. Sai ka gama gyara zurfi da saurin nutsewa tukuna ka taɓa launi.

Mataki na shida: kwatantawa a bakin ruwa

Idan kana son sanin wanda ya fi a tafkinku, abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda. Ka ɗaura koto biyu masu launi ɗaya da tsawo ɗaya a kan dalma mai nauyi ɗaya, su bambanta a roba kawai, ka ba kowanne minti ashirin a wuri iri ɗaya, ka yi ta musanyawa. Idan ku biyu ne, kowa ya riƙe ɗaya, bayan wani lokaci ku yi musaya, domin wanda yake gaban kwale-kwale shi yake fara isa ga kifi, kuma hannun wani ya fi na wani. Ka rubuta zurfi, da ɗumin ruwa, da yanayin sama, da kuma lokacin da cizon ya zo, wurin sauka ne ko wurin ja ko wurin tsayawa. Wannan na ƙarshen shi ya fi komai faɗa maka abin yi. Cizo wurin sauka yana nufin ka koma ga mai gishiri ko ka rage dalma domin saukar ta daɗe, cizo wurin tsayawa kuma yana nufin mai tasowa ko dirof-shot. Yini ɗaya ba ya yanke hukunci. Wurin lissafin kuɗi kuma, ka raba farashin leda da yawan kifin da ta kama, domin leda mai tsada wadda guda ɗaya yake yini ta fi mai araha da ke ƙarewa kafin azahar sauƙi.

Ajiya da doka

Kada ka taɓa haɗa ElaZtech da sauran robobi a akwati ɗaya, domin sinadaransu ba sa jituwa, za su narke su manne su lalace. Ka bar kowanne a ledarsa ta asali, a miƙe, nesa da zafin cikin mota, tunda tanar da ta lanƙwashe a ajiya juyawa za ta riƙa yi a ruwa tana murɗe maka zare. Mai gishiri kuma kada ya kwana a jikin ƙugiya, tsatsa zai sa mata.

Koton da ya yage a aljihu ake sa shi, ba a jefa shi ruwa, saboda kifi yana haɗiye shi, cikinsa kuma ba ya narkar da shi. Kowace jiha a Amurka tana da lasisinta na kamun kifi da ƙa'idarta kan girma da adadin da aka yarda a tafi da shi gida, sai ka duba ta inda kake kafin ka fita. Wasu jihohin arewa maso gabas, kamar Niyu Hamsha da Masacusets, sun hana amfani da ƙananan dalma a ruwayensu saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta su mutu. A can sai ka nemi na ƙarfen tangistin, wanda ya fi dalma tsada, amma ya fi ta nauyi a ƙaramin jiki, ya kuma fi ta isar da taurin ƙasa zuwa hannu. A tafkin Biwa kuwa dokar ta juya, domin bas baƙo ne mai ɓarna a can, kuma tun 2003 an hana mayar da wanda aka kama cikin ruwa.